Anti Delma Mai Shinshinar Hannu

Kafin a buɗe shagon kifin ado da ke bayan kasuwarmu ta garin Cairns, Delma Grasso ta riga ta gama gaisawa da kowa a ciki. Ba ta kunna fitila. Takan bi layin tankunan gilashi da silifas ɗinta, hannu a baya, tana leƙa kowanne a hasken safiya. Ta ce da sassafe kifi ba ya ƙarya, domin iskar cikin ruwa ta ragu kafin gari ya waye, duk wanda numfashi ke yi wa wuya zai taso sama yana haki. Sai ta gama wannan zagaye take dafa shayi, ta buɗe ƙofa, mu masu kuka mu fara shigowa da kwalabenmu.

Ranar Asabar mai zuwa Anti Delma za ta ajiye aiki, bayan shekara talatin da ɗoriya a bayan kantar shago ɗaya. Shagon ba nata ba ne, sunanta ma ba ya jikin allo. Ni Rhonda, direbar bas kuma mai rubuta labaran ƙungiyarmu ta masu kiwon ƙananan kifi, na rantse ba za ta tafi shiru ba ko da za ta yi fushi da ni, kuma na san za ta yi. Yabon gwani ya zama dole, ni kuwa bakina ya daɗe yana ƙaiƙayi.

Duk wanda ya taɓa kai mata ƙara ya san ba a musabaha da ita. Kana miƙa hannu za ta cafke ta kai hanci. "Man kare rana," za ta ce. Ko kuma, "Ka shafa wa karenka maganin ƙuma da safe, ko ƙarya nake?" Mu mutanen nan ba ma fita sai mun shafe jiki da man rana da na sauro, sannan mu dawo mu tsoma hannu a ruwan kifin da bai kai ɗan yatsa ba, mu zo muna cewa haka kawai ya mutu. Ita kuwa takan ce ruwa ba ya tsami banza.

Bayan hanci sai ido. Takan ɗaga kwalba ta dubi kumatun nan da kifi ke buɗewa yana rufewa don numfashi. In sun yi jajir, ƙazantar ruwa ce ke ƙona su. In kifi ya rufe ɗaya yana goga jiki da dutse, ƙwari ne suka maƙale, sai ta ɗauko gilashin ƙara girma ta nuna maka su da kanka. In kuwa jiya lafiya lau, yau duk sun kife ciki sama, ba ta ɓata lokaci a kan gawa. Kai za ta juyo ta tsare da ido. "Bar ba ni labarin abin da kifin ya yi. Kai me ka yi?"

Labarinta da yawa, amma na Vern Lindqvist zan bayar, don a gabana aka yi. Vern tsohon manomin rake ne daga kudu da gari. A bayan gonarsa da akwai wani rafi, inda matarsa Noela ta taɓa kamo wasu 'yan mitsi-mitsin kifi masu shuɗin ido da bakin wutsiya ruwan ɗorawa. Mu dai a ƙungiya ba mu taɓa ganin masu irin wannan launi a wani wuri ba. Daga baya aka cike rafin aka gina gidaje a kai, sai ya zama abin da ya rage na irinsu shi ne na tankuna ukun da ke rumfar bayan gidan Vern. Da Noela ta kwanta ciwon ajali, ya yi mata alkawari ba za su ƙare a hannunsa ba.

A daminar bara suka fara ƙarewa. Da safe suna wasa, kafin azahar sai su haukace, su yi ta zabura suna haki a saman ruwa, sannan su kife. Tanki na farko ya tafi gaba ɗaya, na biyu ya bi shi. Ranar da ya shigo shago da kwalba ina tsaye ina sayen abincin kifi, kuma ban taɓa ganin ƙaton mutum ya riƙe ƙaramin abu da irin wannan tsoro ba.

"Delma, tanki ɗaya ya rage," ya ce. "Su ma yau na ga biyu sun taso sama."

Ta kama hannunsa ta shinshina, ta juya ta sake shinshinawa. "Tsab. Wa ya koya maka wanke hannu haka?"

"Noela. Ruwa zalla, har gwiwar yatsu. In na manta, daga kicin take jiyo ni."

Ta gwada ruwan da ya kawo, babu ƙazanta. Ta duba kumatun matattun da gilashi, babu ƙwaro ko ɗaya. Ta tambaye shi feshin gona, ta tambaye shi fenti, ta tambaye shi ruwan da yake tara daga rufi, duk ya amsa daidai. Sai ta ajiye gilashin ta ce, "Ban sani ba." A iya sanina da ita ban taɓa jin wannan magana a bakinta ba. Ban gama mamaki ba ta juyo. "Rhonda, akwai mai a akwalar motar nan taki, ko turawa za mu yi?"

Muka tafi ana tsuga ruwa, kwaɗi sun cika titi. A rumfar ta shinshina bokiti, ta shinshina raga, ta ɗanɗani ruwan rufi ta tofar, ta ɗora kunne a kan injin iska kamar mai sauraren ƙirjin jariri. Komai daidai. A tanki na ukun kuwa waɗanda suka taso sama sun ƙaru, 'yan bakunansu na buɗewa suna rufewa. Vern ya kasa kallo.

Sai ta kife bokiti ta zauna. "To, na gaji da tambaya. Yi aikinka yadda ka saba, ka ɗauka ba na nan."

"Yanzu? Suna mutuwa fa, Delma."

"Na gani. Yi aikinka."

Ya je famfo ya wanke hannu tas. Ya dawo ya zuba abinci, ya hango wani ruɓaɓɓen ganye a ƙasan tanki, ya miƙa hannu zai ciro.

"Tsaya nan!" Tsawar da ta daka sai da na zubar da shayin da Vern ya ba ni. Ta miƙe ta riƙe hannun rigarsa, wanda saura ƙiris ya taɓa ruwa. Doguwar riga ce mai kauri, an ɓalle maɓallinta har wuyan hannu. "Vern, tun ina budurwa na san ka, ban taɓa ganinka da dogon hannu ba. Yaushe ka zama ɗan gaye?"

Ya ce likita ne ya yanke masa kansar fata a dantse, ya hana shi barin rana ta taɓa wurin. 'Yarsa Corinne ta sayo masa rigunan, ta sa ya yi rantsuwa ba zai naɗe hannun ba. Da zazzaɓin sauro ya yi yawa a unguwa kuma, sai ta riƙa jiƙa su a maganin kashe sauro tana shanyawa.

"Tun yaushe?"

"Farkon damina."

Yana faɗa ya ji da kunnensa. Tankuna biyun da suka mutu masu zurfi ne, hannun riga yakan nutse har gwiwa. Na ukun ba shi da zurfi, bakin rigar kawai ke lasar ruwan, shi ya sa suka kai ranar. Maganin da ba ya wari a hanci, ba ya fitowa a gwaji, ɗigonsa kaɗan ya ishi kifi irin waɗannan.

Vern ya zauna a kan bokitin da ta tashi daga kai. "Ashe ni ne nake kashe mata su."

"Kai dalla, tashi," ta ce. "Matarka ta ce ka wanke hannu, ka wanke. 'Yarka ta ce ka sa riga, ka sa. Namijin da ya ji maganar mata biyu lokaci ɗaya ai sai a ba shi lambar yabo. Kuka sai anjima, yanzu tuɓe."

Haka tsoho ya tsaya daga shi sai singileti, muka shiga aiki kamar masu kashe gobara. Muka kwashe kifin zuwa sabon ruwa, ta cusa gawayi a matacin ruwan tankin, ta sa na jefar da raga da tiyo da duk abin da rigar ta taɓa taɓawa. Ni ina ɗebo ruwa ina addu'a, ita tana ba da umarni tana zagina a kan na cika nawa. Can wajen la'asar sai Vern ya kira mu da wata siririyar murya. Waɗanda ke sama sun fara sauka ɗaya bayan ɗaya, sun koma tsakiyar ruwa suna bin juna. Na yi tsalle na rungume Anti Delma, ta ture ni ta ce hannuna na warin man sauro.

Ba ta raba shi da rigar ba, don ta ce ba za ta ceci kifi ta kashe mai kifi ba. Ta buga ƙusa a bakin ƙofar rumfa: riga a waje, Vern a ciki. Ta kuma matsa masa sai ya yarda in sun hayayyafa a rarraba wa 'yan ƙungiya. Yau kifin Noela suna gidaje da dama a garin nan, har da nawa, suna haihuwa kamar an aiko su.

Makon jiya Vern ya shigo shago da kwalba, ya tuɓe rigarsa tun daga mota. Ya ajiye kwalbar a kan kantar shagon. Jikokin waɗancan ne, sai walƙiya suke.

"Kin san na wa ne," ya ce. "Naki ne."

"Ni ba na ajiye kifi a gida, Vern. Wuni nake ina neman wanda zai mutu, in na koma gida hutawa nake so."

"Ai waɗannan ba dubawa za ki yi ba," ya ce. "Kallo za ki yi."

Ta ɗaga kwalbar a haske, idonta ya tafi kan kumatunsu don sabo. "Lafiyarsu ƙalau," ta ce, muryar ba irin tata ba. Sannan ta kama hannunsa ta kai fuska, ta daɗe ba ta saki ba, kuma duk wanda ke shagon ya san ba shinshina take yi ba.

Anti Delma, ke ce wadda ba ta taɓa cewa "ai kifi ne kawai, sayi wani" ba. Ke ce kika iya faɗin "ban sani ba" a gaban mutane, sannan kika shiga ruwan sama kika je kika sani. Mun gode, mu da muka zo da kwalabe muna hawaye, da waɗanda ke cikin kwalaben da ba su da bakin godiya.

Ku kuma da za ku tsaya a bayan kantar nan, da duk wanda aka kawo wa ƙaramin abu mai babban nauyi, ku yi koyi da ita. Ku kife bokiti ku zauna ku duba yadda mutum ke aikinsa kafin ku yanke hukunci. Ranar Asabar kowa ya zo zauren ƙungiya, akwai gashin nama, Vern ne zai yi jawabi. Ku wanke hannu da ruwa zalla kafin ku shigo, don ita ce za ta tsaya a bakin ƙofa.