Dogo Mai Zaman Benci

A Riyad na buɗe ido, a wani tsohon gidan ƙasa da ke bayan kasuwar Batha, tun garin bai cika ya tumbatsa haka ba. Ni ne da ƙanwata Hajara, da iyayenmu, sai Kaka, mahaifiyar Baba. Idan sanyi ya sauko, irin sanyin garin nan mai shiga ƙashi, Kaka takan hura gawayi a kasko bayan sallar magariba, ta ɗora butar shayi a gefe, ta miƙe ƙafafunta. Ni da Hajara mu matso har sai gwiwoyinmu sun ɗauki zafi.

Sauran yara kakanninsu kan ba su labarin kura da zomo. Tamu kakar labarin ɗan ƙwallo take ba mu. Tana aikin wanki da guga ne a unguwar Nasiriya, a gidan wani mutumin Brazil da ya zo ƙarasa wasansa a ɗaya daga cikin kulob ɗin garin. Mai tsaron baya ne. Sunansa ya gagari harshenta, sai ta raɗa masa Dogo. Ba ta taɓa ganin sa a fili ba, domin a lokacin mata ba sa shiga kallon wasa. Abin da ta sani game da shi daga akwatin rigunansa ta samo shi, da kuma bakin matarsa, wadda suke hira da ita da gutsattsarin Larabci da nuni da hannu.

Akwatin cike yake da riguna kala-kala, kuma yawancinsu ba nasa ba ne. A al'adar 'yan ƙwallo, idan an tashi wasa, abokin karawarka yakan tuɓe rigarsa ya ba ka, kai ma ka ba shi taka. Wannan abu ya yi wa Kaka daɗi ƙwarai.

"Ku dubi mutum," takan ce, "ya wuni yana hana ka abin da ka fito nema, ka gama ka cire rigar jikinka ka miƙa masa. Wannan ai ba ƙaramin mutum ba ne."

Duk rigar da ta goge da rana, da dare sai ta zama labari. Da haka muka san an haifi Dogo a wani gari na bakin teku, ubansa ɗan dako ne a tashar jirgin ruwa. Muka san ya fara wasa ba takalmi, wani ƙaramin kulob ya ɗauke shi, daga nan babban kulob na birni, daga nan Turai, inda dusar ƙanƙara ta sa shi kuka ranar farko. Kaka ba ta san dokar ƙwallo ba ko kaɗan. Alƙalin wasa a wurinta "mai usur" ne, raga kuwa "ɗakin". Amma ta iya kwaikwayon yadda Dogo yake tare mutum, domin ya taɓa nuna wa ɗansa a tsakar gida tana shanya. Takan miƙe da zanenta, ta ranƙwafa, ta riƙa ja da baya a hankali.

"Ba ya ruga wa mutum," in ji ta. "Baya-baya yake yi, idonsa a kan cibiyar mutum, don ƙafa tana ƙarya, ciki ba ya yi. Sai mai gudun ya gaji da rawarsa, Dogo ya sa ƙafa ya ɗauke abinsa, ko sannu babu."

Mukan yi dariya har mu faɗi. Amma akwai dare ɗaya da ba a yi dariya sosai ba.

Baba mai gadi ne a wani bene a Nasiriya. Kafilinsa, wato Balaraben da takardun zamanmu suke hannunsa, ya yi masa alkawarin idan ya samo lasisi zai mayar da shi direba. Baba ya sha wahala ya samo, sai kafilin ya kawo wani ya ba shi motar. Ran Baba ya ɓaci matuƙa. A daidai lokacin wani abokinsa, Isufu, mutumin Maraɗi, ya riƙa zuga shi su gudu Jidda su yi aiki a bakin ruwa ba da sanin kafili ba. Iƙamarmu duka, wato izinin zamanmu a ƙasar, a kan ta Baba take rataye. Idan ya gudu, ni da Hajara da mahaifiyarmu mun zama marasa takarda, makaranta ta ƙare, kuma ranar da aka kama shi sai a sa shi a jirgi a fitar da shi daga ƙasar. Mahaifiyarmu ta yi magana har ta gaji. Baba ya ɗaure jakarsa, ya ce motar Jidda za ta tashi daga Batha bayan asuba.

Kaka ba ta ce masa komai ba, kuma ba za ta iya ba. Baba ɗanta ne na fari. Irin matan zamaninsu ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa zama su yi shawara da shi ido da ido. Idan ta kama dole sai ta ce "uban yaran nan". Ban taɓa jin ta yi masa doguwar magana ba.

A daren, Baba yana zaune a ƙofar ɗakinsa, can nesa da kasko, yana shan shayi, jakar tana gefensa. Kaka ta gyara gawayi, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga wata nan ta taso daga ƙetaren teku."

"Ta ƙaraso mu ji ta," muka amsa.

Ta ce yau wata riga ta goge mai ruwan ɗorawa, rigar ƙasarsu Dogo, kuma a duk akwatin ita kaɗai ce ba ta da tabon ciyawa. Ta tambayi matar dalili, matar ta ba ta labari. Wai wata shekara aka tara ƙasashen duniya don babbar gasa, aka zaɓi gwanayen Brazil, har da Dogo. Uwarsa ta yi girki ta raba wa unguwa. Da aka je can, sai mai horarwa ya zaunar da shi a benci. Wasa na farko yana zaune, na biyu yana zaune, har mutanen garinsu suka daina neman fuskarsa a talabijin.

"To akwai wani abokinsa da aka zaunar tare da shi," in ji Kaka. "Ya ce, Dogo, wannan wulaƙanci ne, tashi mu tafi gida. Dogo ya ce, idan na tafi, wa zai tare na gabanmu a wurin gwaji da safe? Kullum da safe shi ne yake tsayawa kamar abokin gaba, gwanayen su yi ta gwada ƙarfinsu a kansa, su taka shi, su ture shi. Da yamma su shiga fili a tafa musu, shi ya koma bencinsa."

Sai muka ji muryar Baba daga can, yana magana kamar da kofinsa yake.

"Shi ai ana biyan sa yana zaune. Ga abinci, ga otal."

Kaka ba ta waiwaya ba. Ta dubi Hajara ta ce, "Ke 'yar nan, akwai wanda ya sa baki a tatsuniyar yara?"

"Babu, Kaka," in ji Hajara, tana danne dariya.

"To madalla. Abokin ya kama hanya ya tafi. Dogo ya zauna har aka tashi gasar, ƙafarsa ba ta taɓa ciyawa ba. Ya dawo gida da riga fes, 'yan unguwa suna yi masa ba'a, suna cewa ya je yawon buɗe ido."

"Daga nan fa?" na tambaya.

Ta juya gawayi da tsinke. Sannan ta ce daga baya ƙasar ta sake neman sa, ya daɗe yana tsaron bayanta, har ya zama shugaban 'yan wasa, abokin kuwa ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ta kakkaɓe hannu ta ce, "Ta ƙare, garwashi ma ya mutu. A tashi a kwanta."

Da asuba na ji Isufu yana ƙwanƙwasa ƙofa, na ji Baba ya fita sun yi magana ƙasa-ƙasa. Da gari ya waye, Baba ya sa rigar aikinsa ya nufi Nasiriya. Jakar ta kwana biyu a ƙofar ɗaki kafin mahaifiyarmu ta kwance ta.

Baba bai taɓa zama direba ba. A bakin ƙofar benen nan ya tsufa. Mu kuwa muka yi ɗan karatun da muka yi, muka sami aiki da takardunmu cikakku. Da na zama saurayi mai kaifin baki, na sha faɗa a raina cewa tatsuniyar tsohuwa ce ta daskarar da shi a wuri ɗaya. Sau ɗaya ma na faɗa masa a fuskarsa. Allah ya yafe mini wannan.

Bara, jikana ya nemo mini tarihin Dogo a wayarsa, don na san sunansa na gaskiya. Na gan shi, ya yi furfura, yana koya wa yara ƙwallo a garinsu. Kusan duk abin da Kaka ta faɗa yana nan: garin bakin teku, babban kulob, Turai, Riyad, har da zaman bencin. Abu ɗaya ne ba haka ba. Ƙasarsa ba ta sake kiran sa ba bayan gasar. 'Yan wasannin da ya buga mata kafin nan su ne ke nan. A kulob-kulob ɗinsa ya ci gaba, shekara da shekaru, ana ba shi shugabanci duk inda ya je, abokan karawarsa suna yabon sa da cewa bai taɓa cin zalin kowa ba.

Na je gidan Hajara na ce mata, "Ashe Kaka ƙari ta yi mana. Baba ya zauna a kan abin da bai faru ba."

Hajara ta ajiye tiren da ke hannunta ta dube ni.

"Yaya, kai kaɗai ne ba ka sani ba. Baba da direban Dogo kullum tare suke shan shayi a bakin ƙofa. Ya san ba a sake kiran sa ba. A satin na ji yana gaya wa Umma."

"To me ya sa ya zauna?"

"Ita ma haka ta tambaye shi. Ya ce, tun da na zo duniya Inna ba ta taɓa roƙo na komai ba, shekaranjiya ta roƙe ni."

Shekaru ina ɗaukar labarin a matsayin alkawari, cewa wanda ya zauna za a kira shi. Dogo ya zauna ba a kira shi ba, bai fasa tare mutum da kyau ba har ƙafafunsa suka gaji. Baba ma ya san ba za a ba shi motar ba tun daren da yake shan shayinsa a ƙofar ɗaki. Ya dai ji uwarsa tana magana da shi ta hanyar da take da ita, ya kuma amsa mata da safe. Allah ya jiƙan su, ya sa in sami bakin ba Baba haƙuri a inda za mu haɗu.