Shaidar Gidaɗo Ɗan Dako

Gidaɗo ɗan dako ne a mashigar jiragen ruwa ta Illo. Tun yana saurayi yake sauke buhunan gishiri da huhunan goro, har gashin tsakar kansa ya zube, wuyansa ya ƙage.

Shekarar da aka samu mulkin kai, labari ya bazu cewa gwamnati ta ƙayyade mafi ƙarancin ladan lebura. A shekarar kuwa ladan Gidaɗo ya ɗan ƙaru. Daga nan gardama ta tashi tsakanin Bunyaminu, wakilin ƙungiyar ƙwadago da aka turo garin, da Alhaji Manu mai jirage. Bunyaminu ya ce doka ce ta ɗaga lada. Alhaji Manu ya ce ko kusa, samari ne suka watse cirani, 'yan dako suka yi ƙaranci. Kullum bayan la'asar sai su zauna gindin tsamiya su sake ɗauko zancen, kowa na neman Gidaɗo ya tsaya masa shaida.

"Baba Gidaɗo, gaya mishi gaskiya," in ji Bunyaminu.

"Malam, ban sani ba. Dokarku ta zo, samari sun tafi, gyaɗa ta yi kyau, duk cikin shekara guda. Wanne zan ɗauka?"

Alhaji Manu ya ce to a je a tambayi 'yan dakon ƙasar Dahome da ke maƙwabtaka da su, tunda dokar ba ta ƙetara can ba. In nasu ladan ma ya ƙaru, ba doka ba ce. Bunyaminu ya yarda, amma cikinsu ba wanda ya motsa.

Gidaɗo ya gaji da kiran sunansa kullum. Da rani ya yi, ya taka da ƙafa zuwa wurin ƙanwarsa Fatimata da ke aure a Dahome, ya bi mashigai yana tambayar 'yan dako da Dandanci, yaren mutanen yankin. Wani ya ce lada ya ƙaru, wani ya ce yana nan yadda yake, wani kuma ya ɗauka shi ɗan rahoton kwastan ne, ya kore shi.

Ya komo ƙafafu a kumbure. Ya tarar an ɗauke Bunyaminu zuwa wani gari, Alhaji Manu kuwa ya sayi babbar mota, ya sallami rabin 'yan dakonsa. Ba wanda ya tambaye shi abin da ya jiyo.

Bai sake ɗaukar kaya ba. Ya koma ƙauyen Sharabi wurin 'yarsa Asama'u, yana ban ruwan albasa a fadama, iya gwargwadon abin da bayansa ya yarda.