Shekarar da Baffa Ya Noma Alkama

Baffa wan mahaifina ne. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya tsaya min har na zama malamin sakandare a Dutse. Gidansa yana wani ƙauye a bakin fadama, kusa da Ringim. Kakanninmu makiyaya ne, amma abin da ya iso hannun Baffa na shanu bijimai biyu ne kawai na huɗa. Da damina gero da dawa, da rani albasa da tumatir. Ba shi da arziki, amma ban taɓa ganin ya roƙi kowa ba.

Wata shekara bayan an kai amfanin damina gida, na je hutun ƙarshen mako sai na tarar an tara manoma a ƙofar gidan dagaci. Wasu baƙi ne suka zo daga birni. Suka ce ƙasa tana zubar da dukiya wajen shigo da alkama daga waje, alhali ga fadama ga ruwa. Suka ce akwai kamfanin fulawa da ke jiran duk abin da za a noma.

Baffa ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, a nawa za su saya?"

"Baba, zamanin ƙayyade farashi ya wuce," in ji babbansu. "Kasuwa a buɗe take. Masu saye ne za su riƙa rububinku."

Aka tafa masa. Baffa bai tafa ba, amma a ƙarshe ya bi sahun maƙwabta, don kowa a fadamar nan alkama zai shuka. Ya sayar da bijimi ɗaya ya sayi injin ban ruwa da iri. Da fetur ya ƙara tsada, taki ma ya bi shi, sai ɗayan bijimin ya tafi.

Alkama ba ta son raini. Cikin tsananin sanyi Baffa yake shiga ruwa yana buɗe wa kwami-kwamin shukar hanyar ruwa, har ƙafafunsa suka tsattsage. Da alkamar ta fara ido sai ga tsuntsaye jan-baki garke-garke. Inna, matar Baffa, da sauran matan gidan suka yini a bakin gona suna kaɗa gwangwani suna ihu har muryarsu ta dishe. Allah kuwa ya sa albarka. Ban taɓa ganin gona mai kyau irin wannan ba. Aka yanke, aka sussuke, aka sheƙe, buhuna suka cika zaure.

Wakilin kamfanin sau ɗaya ya zo. Ya zura hannu a buhu, ya tauna ƙwaya biyu ya tofar, ya ce akwai danshi, akwai tsakuwa. Ya faɗi kuɗin da ko fetur da taki ba zai mayar ba. Da aka yi masa ca, sai ya ce ta waje da jirgin ruwa ke kawowa ta fi arha, taimakonmu ma yake son yi. Ya shiga mota ya tafi.

"Ai sun ce kasuwa a buɗe take," in ji Baffa. "Mu je kasuwar."

Ranar kasuwar Ringim na raka shi. Muka yi hayar akori-kura, muka sauke kaya a layin hatsi. Duk inda ka duba alkama ce, don kowa lokaci ɗaya ya girbe, kowa kuma a matse yake. Dillali na farko ya taya ƙasa da abin da wakilin kamfani ya faɗa. Muka matsa gaba, na biyu ya faɗi daidai abin da na farko ya faɗa. Na uku ma haka. Sai na lura dukkansu kafin su buɗe baki sai sun waiwayi wata rumfa, inda wani Alhaji yake zaune a kan kujera da waya a kunne. Masu sayen da aka ce za su yi rububinmu ashe mutum ɗaya ne, sauran yaransa ne.

Raina ya ɓaci, na ce wa dillalin, "Malam, wannan ciniki ne ko fashi?"

Ya yi dariya. "Malam, ba dole. In bai yi muku ba, ku mayar da ita gida."

Baffa ya riƙe min hannu. Ya juya ga 'yan dako ya ce, "Ku ɗora min kayana." Muka biya kuɗin mota zuwa da dawowa, muka koma da buhunanmu.

Baffa ya yi niyyar jira har farashi ya tashi. Amma jira na mai abin hannu ne. Masu yanka da masu sussuka suna zuwa ƙofar gida suna sallama. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga gonar gero tana jiran taki, ga shi babu shanun huɗa. Na kawo abin da albashina zai iya, bai kai ko'ina ba. Sai kuma Inna ta kwance wani buhu ta ga ƙwari sun fara shiga. Makon nan Baffa ya aika aka kira yaran Alhajin. Har gida suka zo da mota, suka rage a kan tayinsu na kasuwa, wai saboda ƙwarin.

Bayan 'yan watanni matata ta aike ni sayen alkama, za ta yi alkaki na bikin ƙanwarta. Daga unguwarmu Limawa na taka zuwa kasuwar Dutse. Da mai hatsi ya faɗi kuɗin kwano ɗaya, na ɗauka ban ji daidai ba. Ya kusa ninka abin da aka ba Baffa.

"Ta waje ce?" na tambaye shi.

"Haba Malam, ta Ringim ce, mai kyau. Yanzu aka fito da ita daga sito."

Na tsaya ina kallon ƙwayar a tafin hannuna. Jirgin ruwan da aka tsorata mu da shi ina ya shiga? Mutumin da bai taɓa sa ƙafa a ruwan sanyi ba, bai taɓa korar tsuntsu ba, shi ya kwashe ribar, don kawai yana da sito da kuɗin da zai jira. Har yau in na ji wani a rediyo yana cewa buɗaɗɗiyar kasuwa gatan manomi ce, kashe rediyon nake yi. Wanda ake bi bashi, damina na kansa, ƙwari na cin hatsinsa, da wane baki zai yi ciniki?

Da rani ya zagayo Baffa ba shi da jarin albasa ma, balle alkama. Alhajin ya aiko yana neman hayar fadamar, har da injin. Baffa ya bayar.

Na je gida a tsakiyar sanyi, Inna ta ce yana gona. Na same shi tsamo-tsamo cikin laka, yana ba alkamar Alhaji ruwa a gonar da ya gada, a kan kuɗin yini. Na tsaya a kan kunyar gonar ina kallonsa.

Ya ɗago ya dube ni. "Kada ka tsaya kana kallona haka, ɗana. Miƙo min fartanyar can, ruwa zai ɓalle."

Na tuɓe takalmi, na naɗe wando, na shiga na kai masa.