Cokali Mai Yatsu a Dama

Malam Arzika ba ya zama gaban abinci sai ya tura hannunsa na hagu ƙarƙashin cinya ya danne shi. Jikokinsa a Tudun Wada sun daɗe suna zaton ciwo ne. Ba ciwo ba ne. Shi dai a wurinsa hannun da ke bin buta bayan gida ba shi da abin yi kusa da baki, kuma tun yana saurayi ya ɗaukar wa kansa alkawarin zai koma ga Allah hannun nan bai taɓa kai masa loma ba.

Sai Allah ya ajiye abincinsa a wani gidan saukar baƙi, inda ya shekara talatin da ɗaya yana jera tebur. Can ya ga abin da ya gani. Mutum da babbar riga, da tabon salla a goshi, ya fito daga bayi yana yarfe ruwa, ya zauna, ya ɗauki cokali mai yatsu da hagu, ya soki nama ya kai baki, romo na gangarowa har wuyan hannu. Arzika yakan tsaya da tire, ya mai da ido ga bango. Ran da aka yi babban taro, ba ya iya cin komai sai gari ya waye.

Bai taɓa yi wa baƙo magana ba. Kawai yakan ajiye cokalin a dama, wuƙa a hagu. Mutum kuwa abin da ke kusa da hannunsa yake ɗauka.

Aka daɗe a haka, har aka kawo sabon manaja, Abdulwahabu, wanda ya karanto aikin otal a waje. Ya zagaya teburan sau ɗaya ya tsaya.

"Baba, wa ya koya maka jera tebur?"

"Wani kuku, tun ba a haihe ka ba."

"To cokali hagu ake sa shi. Haka duniya take ci."

"Ita duniyag ga, ranka shi daɗe, da wane hannu taka tsarki?"

Manaja ya yi dariya, ya faɗa masa abin da suke amfani da shi a can maimakon ruwa. Ran nan ma Arzika bai ci abinci ba.

Mafita ta zo daga Hajiya Dijatu, wata likita daga unguwar Arkilla da ta zauna Amurka. Arzika ya lura ta danne nama da cokali a hagu ta yanka, ta ajiye wuƙa, ta mai da cokalin dama, sannan ta ci. Da ya zo kwashe faranti ya rage murya.

"Hajiya, wanga salo na ina ne?"

"Can haka suka ci, Baba. Mutanen Ingila su ne ba su sauyawa."

"Ashe cikinsu ma akwai masu ƙyama."

Daga ranar ya jera tebur yadda manaja ke so. Sai dai in yana zuba wa baƙo ruwa, yakan ce a hankali, "An ce manyan Amurka da hannun dama suka ci." Nan take sai cokali ya koma dama. Mutanen da tun suna makarantar allo aka faɗa musu su ci da dama ba su ji ba. Wannan bai taɓa zancensa da kowa ba, amma in ya koma kicin yakan daɗe yana wanke hannu.

Shekara biyu da ajiye aiki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yatsun suna motsi kaɗan, amma ba sa rufuwa. Ɗiyarsa Juwairiyya, malamar firamare, ita ke ba shi a baki tun da aka yi hutu. Liman Jelani na unguwar ya zo dubiya ya tarar da su a haka.

"Malam Arzika, larura ce. Addini ya yarje maka ka ci da hagu."

"Addini ya yarda, Liman. Cikina ne bai yarda ba."

Litinin za a koma makaranta, daga safe har azahar babu mai ba shi. Ran Juma'a ya sa aka lalubo masa wani tsohon cokali mai yatsu, da robar cikin tayar keke da aka tsaga siri-siri. In ƙotar ta yi kauri, in ji shi, yatsun za su kama. Ya matse cokalin tsakanin gwiwoyi, yana naɗawa da hagu. In ya zo ɗaurewa sai robar ta kuɓuce, ta warware.

"Baba, kawo in ɗaure maka."

"Tai ki yi shirin makarantarki."

"To ka kama bakin robar da haƙori mana."

Ya dubi robar, ya dubi hannun hagun da ya yi ta murza ta. Ya sake farawa daga tushe.

Ran Lahadi bayan la'asar ta kawo masa doya, ta yanka ƙanana yadda cokali zai soka. Ta same shi jingine da bango, hannun hagu a ƙarƙashin cinya. Ta kira shi sau uku, ta taɓa shi ta ji jikin ya yi sanyi, sannan ta ajiye farantin ta aika a kira Liman.

Cokalin na kan tabarma. Robar ta kai rabin ƙota, bakinta a sake.