Naman Tahidu

A Dungu, wata unguwa a Tamale, duk wanda ya san tsire ya san Tahidu. Kakansa ne ya gangaro Tamale da shanu, ubansa ya yi fawa, shi kuma ya gaji tukuba da baki mai zaƙi. Mutanen gari suna ce wa tsirensa cincinga, amma rabin masu zama a bencinsa labari ke kawo su.

Labarin kuwa kullum na dodannin wani dutse ne. Dodannin nan suna cin komai, har jaki da mangalarsa, sai dai dokarsu guda ce: dodo ba ya cin dodo. Ana nan sai wata iska mai suna Hargitsi ta fara shiga kunnuwansu. Wanda ta shiga, in ya dubi ɗan'uwansa, nama yake gani.

Inda gizo ke saƙar, kowane dodo da wanda yake kama da shi a unguwa. Babbar dodanniyar ma tana ɗingishi tana taunar goro, sak Hajiya Sala mai koko. Ana ta dariya, Tahidu yana ta juya nama.

Kwatsam sai ciniki ya tsaya. Masu babur suka koma wucewa ba sallama. Wanda ya daure ya tsaya, sai ya ɗaga tsinke ya shinshina, ya ce, "Wannan naman mene ne?" Tahidu ya zargi Fataw, mai tukubar tsallaken titi. Ya zargi mahaucinsa. Har matarsa ya fara yi wa kallon gefen ido. Tsoro ya kama shi sosai, don sana'ar gidansu ce ke neman mutuwa a hannunsa.

Faridatu mai tumatir, 'yar ƙabilar Dagomba wadda a kasuwa ta koyi Hausa, ita ta fasa ƙwan. Ta tsaya nesa da tukubar ta ce, "Ni da kunnena na ji. Hajiya Sala ya ce kai kana ci nama mutane."

Tahidu ya yi gidan Hajiya ko wuƙa bai ajiye ba, abin da bai taimake shi ba ko kaɗan a idon masu leƙe.

"Hajiya, ke kin san cin naman mutane gulma ake nufi! Fito ki faɗa musu!"

Hajiya ta tofar da goro. "Na faɗa, ba su ji ba. Amma tsaya, ƙarya na yi maka? Tun yaushe kake gasa ni a bencin nan ana dariya? Jikokina ma dodanniya suke ce mini."

Tahidu ya juya ya kama hanyar gida. Kunya ta rufe shi.

Washegari da la'asar ya hura wuta, ya rataye kan ragon da ya yanka da ƙafafunsa huɗu, kowa ya gani. Mutane suka taru a tsallaken titi, ba wanda ya matso. Don ya wanke kansa, sai ya zari tsinke mafi maiƙo, ya ɗaga sama, ya yi bisimilla, ya kai baki.

Daga cikin taron wata murya ta ce, "Kun gani ko? Ci yake."