Kanwar Ɗalha a Ƙasan Teku

Ɗalha Tsoho, maƙwabcina a unguwar Highbridge can ƙasar waje, mutumin Gumel ne. Idan an tambaye shi sana'arsa sai ya gyara hula ya ce binciken kimiyya yake yi a jami'a. Bincike ina! Niƙa yake yi.

Akwai jirgin ruwa mai haƙa ƙasan teku, ya zaro baƙin dutsen da aman wuta ya daskare ya zama. A yanka, a aiko wa wani Farfesa, shi kuma Ɗalha ya mayar da shi gari lukwi a wani ɗan turmi mai santsi. Daga nan na'ura ta faɗi yawan ƙarfe da sinadaran sodiyam da fotasiyam da ke ciki. Da wannan aikin ya sami takardar zama a 1989, da shi kuma ya ɗauko matarsa Zalia. In aikin ya tafi, takardar ta bi shi.

Matsalar Ɗalha ƙwannafi. Kullum da ƙullin kanwa a aljihu. Wata rana a wurin aiki abin ya taso masa, ya rasa abin dakawa, sai ya jefa kanwar a turmin mutane, ya daka, ya jiƙa ya sha. Ya goge turmin da bakin riga ya ci gaba da niƙa. Ya ga abin ya yi sauƙi, ya mayar da shi ɗabi'a.

Sai sodiyam ya yi sama a sakamakon dutsen wani rami guda da jirgin ya haƙa. Farfesa ya tara ma'aikata, ya ce ko wani ya taɓa garin da wani abu? Ɗalha ya ɗaga hannu. To me ake ce wa kanwa da Turanci? Duk ɗan boko a Arewa fotash zai ce maka, shi ma haka ya ce.

Farfesa ya duba takardunsa. "Fotasiyam bai motsa ba ko kaɗan. Ba kai ba ne, koma bakin aikinka."

Ashe kanwar tamu sodiyam ce cike, sunan ne kawai aka yi mata aro. Mutum ya amsa laifi da bakinsa, an ce ba shi ba ne!

Na ce masa, "Ɗalha, Allah ya rufa maka asiri, ka ja bakinka ka yi shiru." Zalia ma har da kuka.

Ya yi shirun, har sai da ya ji Farfesa na shirin zuwa babban taro ya sanar wa duniya cewa ya gano wani sashe na ƙasan teku mai sodiyam fiye da kima. Ɗalha ya ce mini, "Wallahi ba zan iya kallon dattijon nan ya tsaya gaban jama'a yana wa'azi a kan maganin cikina ba."

Washegari ya ajiye ƙullin a teburin Farfesa. "Yallaɓai, a gwada wannan."

Aka gwada. Farfesa ya riƙe hannunsa da hannu biyu, ya gode masa ƙwarai, ya ce ya cece shi daga kunyar duniya. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, don ranar Juma'ar makon ne aka karɓe makullin ɗakin niƙan daga hannun Ɗalha.