Filashin da Na Shiga da Shi Gidajen Mutane

Ni 'yar gidan malamai ce a Daura. Na gama sakandare, na yi aure, na ɗan iya kwamfuta. Matan unguwa sukan kira ni in sa musu karatun Alƙur'ani a kwamfutocin gida, tunda namiji ba ya shiga gidan aure.

Abin da Sadisu ya hango ke nan, ɗan ƙanin babana mai sayar da waya a Kongolam, can bakin iyaka. Ya ba ni filashi, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta, ya ce, "Yaya, karatu ne a ciki, sai wani ɗan abu da ke bin sa." Duk kwamfutar da abin ya shiga, daga shagonsa zai sa ta riƙa tura wa mutane saƙonnin damfara, mai ita bai sani ba. In an bi sawu, gidan mai kwamfutar za a je. Ya ce, "Ke ai ko tsinken wani ba ki ɗauka ba." Ya kawo mini atamfa, na karɓa.

Na yi ta shiga gidaje da sallama. A shimfiɗa mini tabarma, a dama mini fura, ina sha, filashi yana aikinsa a kwamfuta. In sun ce kwamfutar ta yi nauyi, in ce zafi ne.

Wata Juma'a 'yan sanda suka tafi da Malam Idi, tsohon malamin firamare mai ciwon suga, wanda na shiga gidansa da filashin. Ko kunna kwamfutar bai iya ba, ɗansa ne ya aiko musu da ita. Matarsa, Inna Dije, ta zo wurina ba ko takalmi. "'Yar nan, ke da kika yi boko, je ki gaya musu karatu kawai muke saurare."

Na ɗauki mayafi na je, na faɗa musu komai. Ban ji tsoro ba. Ban ji komai ba.

Sadisu ya tsallake iyaka, ni aka ɗaure ni. An saki Malam, amma ƙafarsa da ta kumbura a tsare ba ta warke ba. Ina gidan yari ya rasu.

Da na fito na je neman gafara. Inna Dije ta saurare ni a tsaye, ta ce, "Na ji. Allah ya yafe mana." Ta koma ciki.

'Yan mata, duk wanda ya ce ku kai masa abu inda shi ba zai iya shiga ba, ku fara tambaya wa za a kama in ta ɓaci. Ina ta istigfari. Har yau kuka bai zo mini ba.